Ɗa a Kan Takarda

Ni matsoraci ne, gara in faɗa tun da wuri. Aikin gadi nake yi a Doha, a ƙofar wani rukunin gidaje a Nu'aija, da kaki da hula da takalmi mai nauyi, amma duk ranar da motar 'yan sanda ta rage gudu a gabana sai na shafa aljihu na ji katin zamana yana nan. Ban taɓa yin laifin komai ba. Haka dai Allah ya halicce ni, kuma Baba ya sha yi mini tsiya a kai. Yakan ce da ɓarawo zai hauro gidajen nan, ni zan riƙe masa tsani in roƙe shi ya sauko a hankali kada ya ji ciwo.

Baban nan da nake faɗa ba shi ya haife ni ba. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya. Yanzu na rubuta wannan magana cikin sauƙi, amma sai da na shekara talatin da biyu a duniya ban taɓa furta ta da bakina ba. Mahaifina ya rasu ina ciki, mahaifiyata ta bi shi ina shekara uku, aka ɗauke ni aka kai ni gidan kawu a Funtuwa. Ranar da ya kai ni firamare hedimasta ya tambayi sunan uba, shi kuwa ya faɗi nasa. Sunan nan ya bi ni daga takardar firamare zuwa ta sakandare, ya hau katin ɗan ƙasa, ya zo ya zauna a kan fasfo. A wurinmu wannan ba abin magana ba ne. Wanda ya riƙe ka, sunansa kake ɗauka, ba wanda zai tsaya yi maka bin diddigi.

Ina wajen shekara goma na ji gaskiyar, a bakin wata maƙwabciya mai sayar da ƙuli-ƙuli da ta dube ni ta ce Allah sarki maraya. Na koma gida na tambayi Inna, matar Baba, me ake nufi. Mayafinta ta yafa ta fita, muna jiyo muryarta ta kan katanga, kuma daga ranar muka daina cin ƙuli-ƙulin gidan. Ba a sake tayar da zancen ba. 'Ya'yan Baba biyu ne, duka mata, kuma a ƙa'ida taubasaina ne, abokan wasa. Ban taɓa yi musu wasan taubasai ba. Yaya suke ce mini, ni na raka babbar ɗakin mijinta, ni nake duba wa ƙaramar sakamakon jarrabawa.

Baba ya riga ni zuwa Doha da shekaru. Direba ne, yana jan bas ɗin da ke kwasar ma'aikata daga Al Wukair zuwa wuraren aiki. Shi ya yi ta bin kafil ɗinsu, mai kamfanin da ya ɗauki nauyin zamansu a ƙasar, har aka samo mini biza a kamfanin, kuma a takardar ɗaukar aiki, inda ake rubuta dangantaka, ya sa aka rubuta ɗa. Ni ina kwana a Fereej Abdel Aziz, mu shida a ɗaki ɗaya. Kowace Juma'a bayan masallaci sai ya zo tare da amininsa, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da suke tuƙi tare, mu baje shinkafa a faranti ɗaya. Duk wanda ya shigo, Baba zai nuna ni da haɓa ya ce ga ɗana, jarumin Nu'aija. A yi dariya, ni ma in yi.

Ranar wata Talata bayan la'asar ya ajiye bas, ya ce wa dattijon ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Kafin a isa asibiti ya cika. A nan Doha muka binne shi, ni na shiga kabari na karɓe shi. Kwana uku mutanenmu suna zuwa, direbobi da masu gadi da ɗalibai, kowa ya kama hannuna ya ce Allah ya jiƙan mahaifinka, ni kuma in ce amin. Ban ji ina ƙarya ba ko sau ɗaya.

A kwana na takwas mandub ya kira ni ofis. Mandub shi ne ma'aikacin kamfani da ke zirga-zirgar takardu a ofisoshin gwamnati, mutum ne mai kirki amma kullum cikin sauri yake. Ya ce haƙƙin Baba na barin aiki yana nan, sai dai ba za a sake shi ba sai kotu ta ba da takardar da ta lissafa magada. Ya ajiye hoton fasfona kusa da na Baba, ya ɗora yatsa a kan sunan da muka haɗa, ya ce an yi sa'a ɗansa yana ƙasar, abin ba zai ɗauki lokaci ba. In kawo shaidu biyu, in tsaya gaban jami'i in rantse, khalas, shi ke nan. Na gyaɗa kai kamar ƙadangare. Sai da na fito cikin rana na tsaya jiran mota, sannan kalmar rantsuwa ta iso ni.

Ga yadda abin ya tsaya mini. In na rantse cewa ni ɗansa ne, na yi ƙarya da sunan Allah a gaban hukuma. In na ce ba ɗansa ba ne, to ga fasfo, ga katin zama, ga takardar kamfani, duk suna cewa akasin haka, a ƙasar da takarda ta fi mutum baki. Larabawa ba su san riƙo irin namu ba. A wurinsu sunan da ya biyo naka na ubanka ne, babu wani kwana-kwana. Wa zai zauna ya saurari labarin hedimastan Funtuwa?

A ɗakinmu akwai wani mai gadi ɗan Gusau da muke kira lauyan ɗaki, domin ba abin da bai sani ba, daga dokar biza har maganin basir. Shi na fara tuntuɓa, na ce wani abokina ne ya shiga irin wannan hali. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce to ka gaya wa abokin naka mai kama da kai abu biyu. Na farko, a ƙasashen waje ɗan riƙo baƙo ne a wurin masu haraji. Ɗan cikinka ya gaje ka ba a taɓa komai, amma da zarar an ji kalmar ɗan 'yar'uwa sai gwamnati ta sa wuƙa ta yanki rabo mai tsoka, iyalin mamaci su tashi da ƙashi. Na biyu, sunan da ba na ubanka ba a kan fasfo ƙaryar takarda ce, kuma hukuncinta ɗauri, daga nan a sa ka a jirgi da kayan jikinka. Ya ce abokina ya rantse, ya karɓa, ya tura wa matar da 'ya'yan duka, Allah ai yana duba niyya.

Maganar harajin nan na kama da hannu biyu. Ta yi mini daɗi, domin ta mayar da tsorona ya zama taimako. Na riƙa gaya wa kaina ba don kaina zan yi ba, don Inna ne da yaran nan, kada a yanke musu abin da Baba ya tara da ciwon baya. Amma jikina bai yarda ba. Abinci ya daina shiga. A bakin ƙofar Nu'aija sau biyu na ɗaga wa baƙuwar mota shinge ban tambayi gidan da za ta ba. In waya ta yi ƙara da lambar da ban sani ba sai in zuba mata ido har ta katse. Dattijon Kumasi ya kira ni ya fi a ƙirga, ban ɗauka ba, don ina jin ya san komai, kuma ba na son kallon da zai yi mini. Da na kira Inna na ce mata akwai takardun kotu, sai ta ce ai kai ne babba, duk abin da ka yi daidai ne. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Juma'ar da ta zagayo na tare wani ɗalibi ɗan Zariya a harabar masallaci, yana karatun digiri na uku a fannin shari'a. Shi ma na kawo masa labarin abokina. Bai dube ni sama da ƙasa ba, kansa a sunkuye ya saurara har na gama. Ya ce maganar haraji akwai ta a wasu ƙasashen Turai, inda wanda dangi suka riƙa yakan sha wahalar nuna shekarun riƙo kafin a sassauta masa, amma shi bai taɓa jin ana yankar haraji a kan gado a nan ba. Ya ce abin da kotun nan za ta duba shi ne abin da malamanmu na gida suke dubawa. Ɗan riƙo ba ya gado, komai daɗewarsa a gida. In abokina ya shiga a matsayin ɗa, rabonsa shi kaɗai zai kai na 'yan matan biyu a haɗe, kuma zai toshe 'yan'uwan mamacin da ke da haƙƙi a abin da ya rage. Takardar kuma ba a Doha za ta tsaya ba, za ta bi sunan mamacin har gida, a raba gidan Funtuwa da ita. Ban ce masa Funtuwa ba, ni na ƙara wannan a raina. Hanya ɗaya da ɗan riƙo yake samun wani abu, in ji shi, ita ce wasiyya, kuma wasiyya ba a yi wa wanda yake da gado, sai wanda ba shi da shi.

Na tambaye shi batun suna a fasfo. Ya ce wannan bai sani ba, ba zai faɗi abin da bai sani ba. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin. Ya ƙwace mini harajin da nake fakewa a bayansa, ya bar ni da ɗauri da jirgi.

Akwai kuma wani abu da ban gaya wa kowa ba, wanda ya fi ɗaurin ci mini rai. Ko da an ce mini babu abin da zai same ni, ban san yadda zan buɗe baki in ce Baba ba ubana ba ne. Mutumin da ya goya ni a keke zuwa asibiti lokacin da na yi ƙyanda, wanda bai taɓa bari na ji bambanci ko a yankan naman Salla ba, kwana goma sha wani abu da binne shi in tsaya gaban baƙi in cire kaina daga jikinsa. Gani nake butulci ne, ko da gaskiya ce.

Ranar zuwa kotu mandub ya zo da motar kamfani da safe. Lauyan ɗaki ya sa farar jallabiya ya fesa turare, shi ne shaida na farko. Ban nemi na biyu ba, na yi ta jan ƙafa, ashe mandub ya riga ya samo. Ina buɗe ƙofar mota na ga dattijon Kumasi a zaune a baya, da 'yar jakarsa ta fata a kan cinya. Na gaishe shi, ya amsa, bai tambaye ni dalilin ƙin ɗaukar wayarsa ba. Sai da muka yi nisa ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Yaro, ni abin da na sani shi zan faɗa. Na tsufa da rantsuwa a kan waninsa."

Lauyan ɗaki ya taka ƙafata.

Ofishin yana hawa na biyu. Muka ɗauki lamba muka zauna a kujerun ƙarfe, kuma duk lokacin da allon kiran lamba ya yi ƙara sai in duba tawa. Na je banɗaki sau uku. A na ukun na tsaya gaban madubi na gwada faɗin maganar a hankali, ta ƙi fita. Na dubi matakala, na lissafa cewa in na sauka na bi titi ba wanda zai tare ni. Abin da ya hana ni gudu ba jarumta ba ce. Tsoron mandub ne, da abin da zai gaya wa kafil.

Jami'in dattijo ne mai furfura a gemu, da tabarau a kan karan hanci. An kawo mana tafinta, wani Bahaushen Sudan mai Hausa irin ta kakanni. Aka tambayi sunan mamaci, ranar rasuwa, mata nawa ya bari, iyayensa suna raye ko sun rasu. Na amsa duka. Aka zo kan 'ya'ya, na ce mata biyu, na tsaya a nan. Jami'in ya ɗaga fasfona, ya dube shi, ya dube ni, ya yi tambaya gajeriya. Tafinta ya juyo.

"Ya ce, kai fa? Kai ɗansa ne?"

Na ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, na ji lauyan ɗaki yana gyaran murya. Na ga fuskar ƙaramar ƙanwata ranar da za a karanta takardar nan a zauren gidanmu, a ce Yaya ya ɗauki rabin gida. Ko na mayar mata daga baya, ta riga ta ji.

"Ba ubana ba ne," na ce. "Kawuna ne. Shi ya riƙe ni."

Muryar da ta fito ba tawa ba ce, siririya ce kamar ta yaro. Ji na yi kamar na sake tura wa Baba ƙasa a kabari. Mandub ya dafe goshi. Lauyan ɗaki ya matsa da kujerarsa gefe kaɗan, yadda in an zo kama ni ba za a haɗa da shi ba. Na ajiye hannuwana a kan tebur don in an zo da ankwa a same su kusa.

Jami'in ya tambayi yadda aka yi sunan ya hau fasfo. Na ba da labarin hedimasta, tafinta yana juyawa. Dattijon Kumasi ya ce haka ne, marigayin ya gaya masa da bakinsa. Jami'in ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Sannan ya ɗauki alƙalami ya ja layi ɗaya a kan takardar da mandub ya cike, ya rubuta wata kalma a gefe, ya miƙo mini fasfona. Tafinta ya ce an ce sai an kawo takarda daga kotun gida mai tabbatar da magada, kuma Allah ya saka wa mamacin da alheri a kan riƙon maraya. Shi ke nan. Na riƙe fasfon ina jiran sauran hukuncin, ba wanda ya ƙara kallona. Kwana goma sha biyu na yi ina mutuwa a tsaye a kan layi ɗaya na alƙalami.

Har mun fara miƙewa jami'in ya sake tambaya, ko mamacin ya bar wasiyya. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na ji dattijon yana zuge jakarsa. Ya fito da takarda ɗaya da aka yaga daga littafin makaranta, an naɗe ta huɗu, da sa hannunsa da na wani direba a ƙasa. Ya ce tun bara Baba ya ba shi ajiya, bayan wani ciwon ƙirji da ya ɓoye mini. Ya dube ni ya ce ya yi ta kira ya ba ni, ban ɗauka ba.

Jami'in ya buɗe takardar, ya ga haruffan Larabci, ya fara karantawa, ya tsaya. Ajami ne. Tafinta ya gwada ya ce rubutun ya yi masa ƙanana, dattijon ya ce ya bar tabarau a mota. Aka miƙo mini. Na san hannun nan, shi ne a kan allona na farko. Na karanta a bayyane, tafinta yana bina. Bayan bisimilla da salati ya lissafa abin da ya mallaka, ya ce a raba wa magadansa yadda Allah ya ce. Sai layi na ƙarshe.

"Ɗakin zaure da filin bayansa na bar wa ɗan 'yar'uwata da na riƙa. Na kira shi haka a nan ne kawai don kada a hana shi. Ɗana ne."

Na kai ƙarshe ban san na kai ba. Tafinta ya juya kashi na farko, ya zo kan kalmomi biyun ƙarshe ya tsaya, ya tambaye ni ko ya faɗa wa jami'in su ma, tunda za su iya rikita takarda. Na ce ya bar su, ba na kotu ba ne. Ashe shekara guda kafin ni Baba ya riga ya zauna shi kaɗai a ɗakinsa na Al Wukair ya rubuta maganar da nake ganin butulci ce in faɗa, kuma na san ba ta zo masa da sauƙi ba, domin a wurin ɗan 'yar'uwata alƙalamin ya huda takardar.

A mota lauyan ɗaki ya ce shi dama ya san ba abin da zai faru. Dattijon ya miƙo mini ruwa na sha, na jingina kai da gilashi. Da muka tsaya a danja motar 'yan sanda ta tsaya daidai gefenmu, hannuna ya tafi aljihu da kansa kamar kullum. Katin yana nan, da sunan Baba a bayan nawa, kuma hoton wasiyyar da aka ba ni a kotu yana naɗe a jikinsa.